NIYYA TA YI KYAU, AMMA ME YA SA BA TA ƊOREWA? DARASI KAN SAUYA ƊABI'A DA NEMAN MAI RIƘE HANNU



Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, kwanakin baya bayan mun idar da sallar Isha'i wani matashi ya zauna har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ina da tambaya amma kunya nake ji." Na ce masa bismillah. Ya ce a watan azumi ko sau ɗaya jam'in Asuba bai wuce shi ba, ya sauke Alƙur'ani sau biyu, har ya yi wa kansa alkawarin ya rabu da raba dare a kan waya. Ba a yi sati uku da sallah ba komai ya koma gidan jiya. Yanzu sai wajen ƙarfe biyun dare yake ajiye waya, Asuba kuwa sai rana ta fito. Maigidansa a kasuwa ya yi masa kashedi sau biyu kan makara, matarsa kuma ta gaji da tashinsa, ta zuba masa ido.

Sai ya ce ya ga tallar wani a intanet mai kiran kansa kocin rayuwa, wai in ka biya kuɗi zai sauya ka cikin kwana 21. "Malam, in biya? Ko dai ni ɗin ne munafuki kawai?"

Da izininsa nake rubuta wannan, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Da yawanmu mun san wannan ciwon a jikinmu.

SABO NE, KUMA SABO YANA DA HANYARSA

Na fara ce masa: munafuki ba ya tsayawa bayan Isha'i yana neman yadda zai gyara sallarsa. Abin da ke damunka sabo ne, kuma ba a yaƙar sabo da zargin kai kaɗai, sai an san yadda yake shiga mutum.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya yi bayani a littafinsa Al-Fawa'id cewa abu yakan faro ne daga ɗan tunani mai giftawa a zuciya. In an ƙyale shi sai ya zauna ya zama sha'awa, daga nan ya zama nufi, ya zama aiki, in aka yi ta maimaita aikin ya zama al'ada, a nan kuma cire shi yake wuya. Masana halayyar ɗan Adam na wannan zamani sun zo da abin da ya yi kusa da haka. Suka ce kowane sabo yana da abin da ke tunzura shi, da aikin kansa, da ɗan daɗin da ke biyo baya. Ka kwanta, waya na gefen filo: ga mai tunzurawa. Ka buɗe TikTok ko WhatsApp: ga aikin. Ka yi dariya ka manta gajiyar kasuwa: ga daɗin. In an maimaita wannan dare ɗari, hannu zai riƙa kai kansa ga waya tun kafin zuciya ta yi shawara. Wata masaniya a Amurka, Wendy Wood, ta yi bincike tare da abokan aikinta a 2002, suka samu cewa wajen kashi 43 cikin ɗari na abin da mutanen da suka bibiya ke yi a yini, bisa sabo suke yin sa, sau da yawa hankalinsu ma yana wani wuri.

To me ya sa abin yake sauƙi a Ramadan? Saboda gari ne gaba ɗaya yake ɗauke da kai. Ana tashi sahur, lasifikoki na tashi, maƙwabta na fita masallaci, akwai tafsiri, akwai tarawihi, abokanka ma duk a can suke. Da an yi sallah sai a kwashe duk waɗannan madogarai rana ɗaya, a bar ka kai kaɗai da niyyarka. Niyyar tana nan, abin da take jingina da shi ne babu.

Wani zai ce ai hali zanen dutse ne. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya amsa irin wannan a cikin Ihya'u Ulumid Din. Hujjarsa ita ce da hali ba ya sauyawa, da wa'azi da nasiha da tarbiyya duk sun zama aikin banza, alhali ko doki da kare da shaho ana horar da su har su bar halinsu na asali. In dabba ta horu, ɗan Adam mai hankali fa?

MAGANAR KWANA 21

Wannan lissafi ya samo asali ne daga wani likitan tiyatar gyaran fuska a Amurka, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa ya lura marasa lafiyarsa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabon kamanninsu. Abin da ya lura da shi ne a wurin aikinsa, kuma "aƙalla" ya ce. Masu talla suka jefar da "aƙalla" suka riƙe 21.

A 2009 Phillippa Lally da abokan aikinta a jami'ar UCL da ke Landan suka fitar da binciken da suka yi a kan mutum 96. Kowa ya zaɓi sabon abu guda mai sauƙi, kamar shan ruwa bayan cin abinci ko ɗan motsa jiki, yana yi kullum har mako 12. Tsaka-tsakin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama jiki shi ne kwana 66. Wani kwana 18 ya ishe shi, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Sun kuma samu cewa tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba.

Ka ga ke nan wata ɗaya na azumi mafari ne, ginin bai gama bushewa ba aka cire masa katako. Kuma duk wanda ya yanka maka rana ya ce ranar kaza za ka zama sabon mutum, ya faɗi abin da bai sani ba.

MATAKAI BIYAR

Na ɗaya: ɗauki abu guda, kuma ƙarami.

Kuskurenmu shi ne mu tashi rana ɗaya mu ce daga yau tahajjud, azumin Litinin da Alhamis, izu biyu kullum, motsa jiki, barin waya, duk a tare. Kwana huɗu sai jiki ya ce bai san zancen ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) abin da ke nuna aikin da aka dawwama a kansa ya fi soyuwa a wurin Allah ko da kaɗan ne. Ka tuna kuma da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (RA). Yana matashi ya ɗaura wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare gaba ɗaya. Annabi (SAW) ya nuna masa kwana uku a wata, shi kuwa ya yi ta neman ƙari har aka tsaya a kan azumin Annabi Dawud, yau a yi gobe a sha. Da tsufa ya zo masa sai ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin da aka ba shi.

Mu yi ɗan lissafi. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu tumuni 8, jimilla tumuni 480. In kana karanta tumuni ɗaya bayan kowace sallar farilla, kwana 96 ka sauke, wato kusan sauka huɗu a shekara. Tumuni ɗaya bai fi 'yan mintuna ba. Wanda ya ɗaura wa kansa izu biyu kullum ya watsar a sati na biyu, da mai tumuni ɗaya, wa ya fi nisa in shekara ta zagayo? Yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya.

Na biyu: ɗaura sabon aikin a jikin wanda ka riga ka saba.

"Zan riƙa karatu" buri ne kawai. "Da na sallame Magariba, kafin in tashi daga inda nake, zan karanta tumuni ɗaya" shi ne shiri. Masanin nan Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya shahara da bincike a kan wannan, cewa wanda ya ayyana lokaci da wurin da zai yi abu ya fi kusa da aikatawa a kan wanda ya tsaya a niyya kawai. Mu kuwa Allah Ya riga Ya kafa mana turaku biyar a kowane yini, ba sa gocewa. Duk abin kirkin da kake son ya zauna, ko shan magani ne, ko kiran mahaifiya, ko rubuta cinikin yini, nemo sallar da za ka ɗaure shi a gindinta.

Na uku: gyara wurin zama kafin ka gwada ƙarfin zuciya.

Kun san hadisin mutumin da ya kashe rai 99, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba bai tsaya a nan ba, sai da ya umarce shi ya bar garinsu ya koma garin mutanen kirki ya bauta wa Allah tare da su. Ya san tuba a cikin muhallin da ya haifi laifin tana da wuyar rayuwa. Kai ba sai ka yi ƙaura ba. Wayar ce za ta yi ƙaura: ta kwana a falo ko a hannun uwargida, ka nemi agogo mai ƙararrawa ko ƙaramar waya mai madannai don tashin Asuba. Alƙur'ani ya sauko daga saman kabad ya dawo kusa da darduma. In majalisar da kake zama ce ke kai ka ƙarfe ɗaya, ka san abin da Hausawa suka ce game da zama da maɗaukin kanwa.

Na huɗu: kada ka bar gurbi a buɗe.

Mutumin nan ba don mugunta yake riƙe waya da dare ba, hutu yake nema bayan wahalar yini. In ka ƙwace wayar ba ka ba shi wani abin hutawa ba, zai koma. Sai a nemi abin da zai biya wannan buƙatar: hira da iyali, shan shayi da su, sauraron karatu mai daɗi, ɗan littafi mai sauƙi.

A nan akwai gyara guda da ya zama dole in yi. Wasu kan kafa hujja da yadda aka haramta giya daki-daki, a Baƙara, sannan Nisa'i, sannan Ma'ida, su ce su ma a hankali za su bar saɓo. A'a. Hukunci ya riga ya cika, haram haram ne tun yau, tuba kuma ba a jinkirta ta. Abin da muke koya daga wancan shi ne zuciya tana buƙatar reno. Saboda haka ka tuba yanzu, ka yanke, sannan ka bi matakan da za su hana ka komawa. In ka faɗi ka sake tuba, kada ka ce tunda na faɗi shi ke nan.

Na biyar: yi wa kanka hisabi a rubuce.

Malaman tarbiyya suna maganar musharaɗa da muraƙaba da muhasaba: da safe ka gindaya wa ranka sharaɗi, da rana ka sa mata ido, da dare ka zauna da ita kamar yadda ɗan kasuwa ke zama da yaron shagonsa. Nemi ɗan littafi ka ja layi, ranar da ka yi ka sa alama. Zuciya gwanar ƙarya ce, za ta ce maka ai kana ƙoƙari ko ta ce ai ba ka taɓa yin komai ba, takarda kuwa abin da ya faru za ta nuna maka. In rana ɗaya ta kuɓuce, abin da za ka tsare shi ne kada ta biyu ta bi ta.

WA ZAI RIƘE MAKA HANNU?

Yanzu sai tambayarsa ta asali. Shin neman wanda zai taimaka maka ka sauya baƙon abu ne a wurinmu? Ko kusa. Lokacin da Annabi (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Salmanul Farisi da Abud Darda'i (RA), Salman ya ziyarce shi ya tarar ibada ta sa ya yi watsi da haƙƙin iyalinsa. Bai yi masa dogon wa'azi ya tafi ba. Ya zauna ya ƙi cin abinci sai da Abud Darda'i ya ci tare da shi, ya kwana a gidan, duk sanda ya tashi zai yi sallah ya ce ya koma ya kwanta, sai ƙarshen dare suka tashi tare. Sannan ya tuna masa cewa Ubangijinsa da ransa da iyalinsa kowa yana da haƙƙi a kansa. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) sai ya gaskata Salman. Gazali ma da ya lissafa hanyoyin da mutum zai san aibinsa, da malami mai basira ya fara, sannan aboki mai gaskiya, sannan abin da maƙiya ke faɗa a kanka, sannan lura da abin da kake ƙi a halin mutane.

Ni kaina na ɗanɗana. Shekarata ta farko a jami'a na ɗauki wani matani na ce sai na haddace shi cikin wata guda. Sau uku ina farawa ina watsarwa. Wani ɗalibi da ke gaba da ni ya ce in riƙa kawo masa layi biyar kacal bayan Asuba. Na raina abin, amma kunyar in zo masa hannu rabbana ta sa ban taɓa kwana ban yi ba. Kafin ƙarshen shekara na gama. Bai fi ni ƙwaƙwalwa ba, kuma bai koya mini komai sabo ba, jirana kawai yake yi kullum.

Abin da ake kira kocin rayuwa a yau sana'a ce da ta bunƙasa a Amurka, har aka kafa wata babbar ƙungiyar masu yin ta, ICF, a 1995. Aikin koci na gaskiya shi ne ya yi maka tambayoyi har ka fayyace abin da kake so, ku yanka shi ƙanana, ku sa lokaci, sannan ya riƙa bibiyarka. Biyan kuɗi a kan wannan ba laifi, ijara ce a kan amfani na halal, matuƙar an san aikin, an san ladan, an san muddar. Sai dai ku sani, wannan suna ba kamar na likita ba ne da sai hukuma ta ba ka lasisi. Kowa zai iya buɗe shafi yau ya kira kansa koci gobe. Don haka tantancewa tana wuyanka.

Koma ga hadisin mai kisa 99. Kafin ya samu malamin, wani mai yawan bauta ya fara tambaya, wanda ba shi da ilmi, ya ce masa ba shi da tuba. Ƙarshenta ya cika ɗari da shi. Mai ba da shawara marar sani yana iya halaka kansa ya ƙara dulmuyar da kai. To ga abin da za ka duba:

1. Wanda ya yi maka alkawarin sakamako tabbatacce a rana kaza, ko yake matsa maka ka biya yau kafin ragi ya ƙare, ɗan kasuwa ne kawai.

2. Ka saurari abin da yake koyarwa. Akwai masu cewa ka ƙudurta abu a ranka ka aika wa "duniya" saƙo, ita za ta jawo maka shi. Wannan ya taɓa aƙida. Mu Allah muke roƙo, mu riƙi sababi, mu yarda da ƙaddara. Kyautata zato ga Allah daban, jingina bayarwa ga halitta daban.

3. Wanda ke son ka dogara da shi har abada, ko yake raba ka da iyayenka da matarka da sunan wai suna ja da kai baya, ka guje shi. Koci nagari so yake ka tsaya da ƙafarka.

4. A kiyaye iyakokin shari'a tsakanin namiji da mace. Keɓewa da doguwar hirar sirri cikin dare ba ta zama halal don an kira ta horo. 'Yar'uwa ta nemi mace 'yar'uwarta, ya fi mata aminci.

5. Ya san iyakarsa. Koci ba mufti ba ne, ba kuma likita ba ne. Wanda tiramadol ko kodin ta kama, ko mai baƙin cikin da ya hana shi barci da cin abinci makonni, ko mai tunanin kashe kansa, asibiti zai nufa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Neman magani sunna ce.

In ba ka da kuɗin koci fa? Ba ka rasa komai ba. Nemi mutum ɗaya mai gaskiya, mai riƙe sirri, wanda kake jin nauyinsa kaɗan. Ku sa rana ɗaya a mako, minti goma sha biyar, ko bayan Juma'a. Ya tambaye ka: me ka ce za ka yi, me ka yi, me ya hana ka, me za mu gyara a wannan makon? Kai kuma da aka ba wa wannan amana, ba alƙali aka naɗa ka ba. Kada ka kunyata shi, kada ka kai zancensa majalisa, in ya faɗi ka taya shi tashi.

YADDA MUKA YI DA SHI

Ban ce masa ya biya ba, ban kuma ce duk masu wannan sana'a mayaudara ne ba. Na ce wannan mai kwana 21 dai a bar shi. Muka tsaya a kan abu guda: ƙarfe goma da rabi waya ta koma hannun matarsa. Ladaninmu, wanda maƙwabcinsa ne, ya yarda zai riƙa ƙwanƙwasa masa ƙofa in zai wuce. Duk Juma'a yana nuna mini ɗan littafinsa. Makon farko Asuba uku ya samu a jam'i cikin bakwai. Mako na huɗu ya yi tafiya komai ya rikice, ya zo yana cewa ai ya faɗa mini ba zai iya ba. Na ce ya buɗe littafin ya ƙirga da kansa, ya gwada da watan da ya gabata wanda ko ɗaya babu. Yanzu muna mako na bakwai, wannan satin biyar ya samu. Bai kai ba tukuna, amma maigidansa bai sake yi masa maganar makara ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ka kwanta yau ɗauki takarda ka rubuta abu uku: ƙaramin aiki guda da kake son ya zauna, sallar da za ka ɗaure shi a bayanta, da sunan wanda za ka gaya wa gobe. Sannan ka roƙi Allah taimako, domin duk dabarar nan sababi ce, zukata kuwa a hannunSa suke.

Allah Ya gyara mana halayenmu, Ya tabbatar da mu a kan alherin da muka fara, Ya haɗa mu da abokan da za su tuna mana in mun manta. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.